Likkafanin Gwaggo a Tsakiyar Gulbi

Gwaggona, yayar mahaifina, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta tara abin duniya ba. Abu ɗaya ta mallaka da take ji da shi, wato farin yadin da ta sayo a Makka shekarar da wani ɗan ƙanenta ya biya mata kujera. A can ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya, ta naɗe ta dawo da shi don ya zama likkafaninta. To ƙauyenta a bakin gulbi yake, gabas da Kebbe, inda duk damina sai ruwa ya leƙa ɗakuna, abin da ruwa ya bari kuma gara ta ƙarasa. Saboda haka ta ɗauko yadin ta kawo mini Tambuwal, ta sa na buɗe akwatina na ƙarfe a gabanta, ta shimfiɗa shi a ƙasan kaya da hannunta.

"Ɗiyata, wanga shi na tufana na zuwa gida," in ji ta. "Ranad da kij ji, ki kawo shi da hannunki. Kada ki bari a sa ni cikin wani."

Na ce mata to, har ina tsokanarta cewa ita za ta binne mu duka. Shekara bakwai yadin yana kwance a akwatina.

Wata Alhamis a tsakiyar damina, na idar da sallar asuba ke nan waya ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda gidansa ke jingine da nata. Ya ce Gwaggo ta cika. Ya ce sun so a yi jana'iza da hantsi, amma kowa ya san maganar yadin, don haka za su jira ni zuwa azahar.

Ban tsaya kuka ba, don tafiya ce a gabana. Na ciro yadin na sa a leda, na cusa a jaka, na yafa mayafi na fita. Maigidana yana Sakkwato wajen aiki, sai ina cikin mota na gaya masa. Muka iso Kebbe da hantsi. A tasha 'yan kabu-kabu suka ce hanyar tudu ta yanke, ruwa ya tafi da kwalbati, ko jaki ba ya wucewa. Sai dai gulbi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni ya sauke ni a mashigi.

Jirgi ɗaya ne a wurin mai zuwa gabas, dogon kwale-kwalen katako da aka toshe tsagunsa da kwalta. A bayansa an ɗaure inji, kuma ina ganinsa na gane shi kamar yadda mutum ke gane ɗan unguwarsu a baƙon gari. Ni mai markaɗe ce. Shekara goma sha ɗaya ina da inji a zauren gidanmu, rabin unguwa a wurina suke markaɗa wake da tattasai. Injin jirgin nan irin nawa ne sak, sai dai an haɗa masa dogon ƙarfe da farfela a ƙarshensa. Na san injin nan ciki da waje, don bakaniken unguwarmu in ka kira shi yau sai jibi za ka gan shi, ni kuwa ba na iya barin waken mutane ya yi tsami. Dole ta sa na koyi kwance shi da ɗaura shi da kaina.

Mai jirgin magidanci ne da bai wuce shekara arba'in ba, mai fara'a, kuma a ranin da ya wuce ya sayi injin. Yadda yake shafa shi da tsumma kai ka ce doki ne. Na tambaye shi yaushe za a tashi.

"Yanzu-yanzun ga, Hajiya."

Sau uku ina tambaya, sau uku ina samun wannan amsar. Aka loda buhunan taki, aka loda babur, aka ɗora awaki biyu. Da buhu biyun ƙarshe suka rasa wuri, sai mai jirgi ya zaro filafilansa biyu na tuƙi da doguwar gorarsa daga cikin jirgin, ya jingine su a jikin bishiya. Wani tsoho mai carbi da ke cikin fasinjoji ya ce masa anya kuwa.

"Baba, zamanin wanga ya wuce," in ji shi yana dariya. "Inji ka tuƙi yanzu."

A gindin bishiyar nan ne kuma na ga jarkar fetur ɗinsa. Ba ta da murfi, leda aka ɗaura a bakinta da roba, ledar ma ta lotsa ciki ruwa ya taru a kanta, ga shi an kwana ana ruwan sama. Na gani da idona lokacin da ya kwance ledar ya tuttula man a tanki. Na buɗe baki, sai na tuna ni kaɗai ce baƙuwa a wurin, mace kuma, na mayar da bakina na rufe. Har yau in na tuna wannan shirun sai na ji haushin kaina.

Ban gaya wa kowa abin da ke cikin jakata ba. Na san mutanenmu da camfi. Ka ce wa mutum yana kan ruwa akwai likkafani a jirgin da yake ciki, ka ga yadda fuskarsa za ta koma. Na dai ce rasuwa aka yi mana, aka yi mini gaisuwa, aka ba ni wuri a tsakiya kusa da wata Bafulatana mai ƙwaryar nono. Mu goma sha wani abu ne, amma ban da ita da tsohon nan, mutum ɗaya kawai zan iya tunawa, wani mai shadda ruwan toka wadda ta sha sitaci. Tun kafin a tashi ya sanar da kowa cewa ya taɓa riƙe babbar mota shekara shida.

Sai wajen sha ɗaya da rabi muka bar gaɓa. In gaskiya za a faɗa, farkon tafiyar ba laifi. Gulbi ya cika ya batse har ba ka gane inda asalin hanyarsa take. Gonakin shinkafa sun nutse, sai kan ganye ke leƙowa, itatuwan giyayya ruwa ya kai musu ƙugu, kainuwa tana wucewa jere-jere. Injin yana ta tafiya da mu, iska tana bugun fuska. Baffa ya taɓa ce mini tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce in ana haurawa gabas. Na duba waya na yi lissafi, na ga zan isa har in sami ganin fuskarta kafin a rufe. A nan ne hawaye ya fara zubo mini, na bar shi ya zubo.

Mun yi kamar rabin awa sai injin ya yi tari. Ya yi sau uku, ya ɗauke, ya sake kamawa da ƙyar, sannan ya mutu. Ni dai tun a tarin farko na gane matsalar, don na san wannan tarin. Haka nawa yake yi in yaran da ke sayo mini mai sun haɗu da wanda aka yi wa algus.

Ruwa bai jira mu ba. Jirgin ya juya a hankali ya fara komawa da mu yamma, inda muka fito. Babu filafili, babu gora. Maza suka shiga tuƙi da tafin hannu, wani da takalminsa, Bafulatana ta ba da faifan da ta rufe ƙwarya da shi. Duk tafiyar da muka sha wahalar yi ina kallo tana warwarewa. Da ƙyar aka kai ga wata giyayya, wani ya cafki reshe, aka ɗaure jirgin a jikinta.

"Ƙaramin abu na," in ji mai jirgi. "Fulogi na."

Mai shadda ya tattare hannun riga ya matsa baya, ya ce lalle fulogi ne, ya ji tun daga sautin. Aka kwance fulogi, aka kankare shi da reza, aka ƙona bakinsa da ashana, aka hura, aka mayar. Mai jirgi ya ja igiya har sau goma, ko motsi. Aka sake kwancewa. Ya lalubo wani tsohon fulogi a aljihunsa, baƙi ƙirin, aka sa shi, aka ja. Injin ya yi fur sau ɗaya ya yi shiru, maza suka ce yauwa, ya kusa. Mai shadda ya karɓi sifana ya ƙwanƙwasa gefen injin da ita, wai wani abu ne ya maƙale.

Ni ina zaune ina cizon leɓe. Abin da ake bukata bai wuce a kwance ɗan ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin kafireto, inda mai ke bi ya shiga inji, a zubar da ruwan da ya taru ba, a tsiyaye tanki. Aikin minti goma ne. Amma yaya mace baƙuwa, mai zaman makoki, za ta tsallake maza takwas ta ce su matsa? Sai na bi hanyar da mata suka saba. Na juya wajen Bafulatana, na ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Injin markaɗena in yas sha ruwa cikin mai, haka shi ka yi."

Ta dube ni ta ce Allah sarki. Daga baya kuwa ko wanda ya waiwayo babu. Na bari aka ƙara jan igiya sau biyar, sannan na ajiye kunya gefe.

"Malam mai jirgi, ka duba man ga. Ruwa na cikinai. Na ga jarkar tun tudu."

Mai jirgi ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta sa baki a maganar ƙwallo. Mai shadda ne ya amsa, ko kallona bai yi ba.

"Hajiya, wanga ba injin markaɗen tattasai ba na. Ki yi ta addu'a dai, shi na naki."

Wasu suka yi dariya. Da a zaurena ne da na nuna masa ƙofa, amma a tsakiyar gulbi ina zan nuna masa?

Muna nan har muka jiyo kiran sallar azahar daga wani ƙauye da ba ma gani. Ba a daɗe ba waya ta yi ƙara ta katse. Sai na miƙe tsaye ake samun layi, ina miƙewa kuma jirgin ya karkata, kowa ya ce Hajiya zauna, Hajiya za ki kifar da mu. Na riƙe reshen giyayya da hannu ɗaya na ƙi zama. Baffa ne.

"Kina ina? Mutane sun taru."

Na ce ga mu nan kusa, inji ne ya ɗan tsaya. Ƙarya na yi, ko rabin hanya ba mu ci ba.

"Liman ya ce a ƙara haƙuri zuwa la'asar. Amma ki sani, kabarin na tsattsafo da ruwa. Ƙasa ta ƙoshi. Ba mu iya wuce la'asar."

Na ce masa in sha Allahu ba za a kai la'asar ba. Layin ya yanke.

Muka yi alwala da ruwan gulbi, kowa ya yi salla a zaune inda yake. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba, Allah Ya yafe mini. Ana sallamewa aka koma kan inji. Yanzu kuma wai matatar iska ce. Aka cire soson, aka matse, aka mayar. Mai jirgi ya gaji da ja, mai shadda ya karɓa don ya nuna yadda ake yi. Ya taka buhun taki, ya ja da dukan ƙarfinsa, igiyar ta tsinke ya faɗa kan babur. Ban yi dariya ba, amma ban ce masa sannu ba.

Ana ga wata ga wata. Sai da aka kwance murfin gefe gaba ɗaya, aka nemi igiyar da za a riƙa naɗawa da hannu. Ba a samu ba sai ta wuyan akuya. Aka kwance akuyar, mai ita ya rungume ta kamar jinjira, tana ta kuka a kunnena. Kowane ja sai an sake naɗa igiya, kowane naɗi yana cin lokacina. Na duba waya na ga biyu da rabi ta gota. A nan haƙurina ya ƙare.

Na zuge jaka, na yage bakin ledar, na ɗago farin yadin yadda kowa zai gani. Na ce musu wannan likkafanin gwaggona ne, tana kwance an yi mata wanka tun safe, mutanen gari guda suna zaune a rana suna jirana, ku kuma kuna nan kuna wasa da fulogi alhali na gaya muku ruwa ne a cikin mai.

Tsoho ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, wasu suka amsa. Na ɗauka yanzu za a saurare ni. Sai na ji Bafulatana ta ja ƙwaryarta ta matsa daga jikina. Mai shadda ya gyaɗa kai a hankali, kamar likitan da ya gano cuta.

"Shi ya sa," in ji shi.

Mai jirgi ya ajiye sifana a kan buhu. Fara'ar nan duk ta gudu daga fuskarsa.

"Haba Hajiya. Da kin faɗi tun tudu. Wata fuɗu injin ga bai taɓa yi mani haka ba. Wanga ba aikin sifana ba na."

Abin da na guda tun safe shi ya same ni, kuma ni na jawo shi da bakina. Dā suna gyaran da ba shi ne ba, yanzu sun daina gyaran ma gaba ɗaya. Aka shiga shawara a kaina ina zaune. Wani ya ce a karanta ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya a tofa wa injin. Wani ya ce kakansa ya taɓa ba shi labarin irin wannan. Daga ƙarshe mai shadda ya kawo dabararsa, wai a fitar da jakar daga cikin jirgi, a rataye ta a reshen giyayya, sannan a ja a gani.

Na ce in ya tashi fa, sai mu tafi mu bar ta a kan itace? Na duba fuskokinsu na ga da gaske suke, kuma musu zai ci lokacin da ba ni da shi. Na miƙe, na rataye jakar a reshe, amma ban saki igiyarta ba. Ina tsaye, mace mai 'ya'ya biyar, hannu a sama ina riƙe da likkafanin gwaggona a kan itace a tsakiyar ruwa, don magidanta su gwada ko shi ya hana inji tashi. Ban taɓa jin wulaƙanci da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar na wannan tsayuwar ba.

Aka naɗa igiya aka ja. Shiru. Aka sake, shiru. Sau bakwai ina ƙirgawa.

Tsohon nan ne ya katse abin. Tun da muka tsaya bai sa baki a gyara ba, carbinsa kawai yake ja. Ya ce mini in sauke jakata in zauna. Sannan ya juya wajen maza, bai ɗaga murya ba.

"Kun gani ko? Yadin ga kowanenmu sai ya sa irinai, mi yaƙ ƙulla da inji? Ku ji tsoron Allah. Kun yi naku tun sha biyu. Ku ba baiwar Allah ga sifana."

Mai jirgi ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. Na ba tsoho jakar ya riƙe, na ɗaure mayafi a ƙugu, na haura buhunan taki da rarrafe. Maza suka riƙa janye ƙafafu. Na roƙi robar ruwan sha da wani ya shanye, na kara ta a ƙarƙashin kafireto, na kwance ɗan kofin. Abin da ya zubo na ɗaga shi sama kowa ya gani. Fetur yana sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, fiye da yatsa biyu.

"Ga aljanin naku," na ce.

Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban yi don a yi ba. Muka zare tiyo muka tsiyaye tankin kakaf a cikin kwanon da ake kwarfe ruwan jirgi da shi. Jarkar ma haka take, don haka sai da muka bar ta ta natsu, muka riƙa tsiyayo na sama a hankali, mai jirgi yana riƙe da ita ni ina kallon bakin. Man ya riƙa zuba a zanena. Aikin da na ce na minti goma ne ya ci fiye da rabin awa, don jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga 'yar ƙusar kofin ta suɓuce ta faɗa cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, sai da mutum uku suka yi ta lalube kafin a same ta. Na ɗaura komai, na goge fulogin farko na mayar, na ce ya ja.

A ja na uku ya kama. Ya yi hayaƙi, ya gyara murya, ya tsaya daram.

"Da ma ni na yi zaton haka tun farko," in ji mai shadda.

Na duba waya. Uku da rabi ta wuce, layi kuma babu ko ɗigo. Na koma wurina ina warin fetur, tsoho ya miƙo mini jakata da hannu biyu.

Mai jirgi ya murɗa injin iya ƙarfinsa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Muka sake bin duk inda muka riga muka wuce da rana. Na yi ta kiran Baffa, wayar ba ta shiga. Muka jiyo kiran la'asar muna tafe, na ce a raina ai sai sun yi salla, sai an fito da ita, sai an jira dattawa, wataƙila wani ya hango mu daga tudu ya ce a dakata. Na fara gane wurare. Ga tsamiyar da muke wanki a gindinta in na zo hutu ina yarinya, ruwa ya kewaye ta. Daga ita sai kwana ɗaya, sai tudun da maƙabartar ƙauyen take.

Muna shan kwanar na hango su. Maza ne jere suna gangarowa daga tudun, wasu da fartanya a kafaɗa, wani da shebur. A bayansu mutum biyu suna ɗauke da makara babu gawa, kowa da hannu ɗaya, tabarma a naɗe a cikinta.

Mai jirgi ya rage wuta, muka ƙarasa gaɓa a hankali. Da zan sauka ya riƙe mini bakin jirgin, ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, ki yafe mani don Allah."

Ban ce na yafe ba, ban kuma ce ban yafe ba. Na taka laka na haura.

Baffa ya taro ni a hanya, ƙafafunsa jajir da ƙasar kabari. Ya ce sun jira har sun ji kunyar mutane, ruwa ya kai idon sawu a ramin sai da aka kwarfe da kwano. Ya ce sun yanko farin yadin alawayyo a kantin gari, liman kuma ya ce yadi yadi ne, aikin mutum ke binsa. Na san gaskiya liman ya faɗa, amma hakan bai rage mini komai ba.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida da ɗakinta. Aka ba ni wuri a kan tabarma kusa da wata tsohuwa, maƙwabciyar Gwaggo kuma aminiyarta tun suna amare, ita ce ma ta yi mata wanka. Ko gaisuwa ban gama amsawa ba na fara zazzage abin da ke cikina. Na ba su labarin jarka da leda, da filafilan da aka jingine a bishiya, da mai shadda da bakinsa, da yadda aka sa ni na rataye tufan Gwaggo a itace. Ina faɗa ina kuka ina huci. Mata suna ta cewa kai, Allah Ya isa, wannan wane irin sakaci. Na ji daɗin yadda suke taya ni, na ƙara buɗe murya.

Tsohuwar nan ta jira sai da na tsaya shan ruwa. Sannan ta dafa gwiwata, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Ɗiyata, saƙon Talata ya ishe ki?"

Ya ishe ni. Ranar Talata da safe Baffa ya kira ya ce jikin Gwaggo ya yi nauyi, tana nemana. A ranar ana shirin suna gida biyu a unguwarmu, bokitan wake sun yi layi har waje. Na ce masa ai Gwaggo ta saba irin wannan duk damina, zan zo Juma'a in na sami sarari. Duk tsawon yinin nan a kan ruwa ban bari wannan ya zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Na gyaɗa mata kai. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

"Jiya da la'asar ta tambaya ko kin taso da tufanta," in ji ta. "Munka ce mata kina bisa hanya. Tac ce to madalla, ɗiyata ba ta saɓa magana."

Wata mata daga bakin ƙofa ta ce in ƙarasa musu labarin, yaya aka yi da mai jirgin daga ƙarshe. Na buɗe baki in ci gaba, na rasa inda na tsaya.